Tsohuwar mitar keke da ka tsinta a gwanjo, kar ka yar da ita

Wa'alaikumus salam ƙanena. Na ga tambayarka tun shekaranjiya, aiki ne ya sha kaina shi ya sa sai yau. Ka ce ka sayi keke ɗan gwanjo a Sabon Gari, ka tarar da wata 'yar na'ura a ɗaure a kan keken an rubuta Cateye Mity a jikinta, fuskarta ba ta kawo komai, ga waya ta bi ƙarfe ta sauka har wajen tayar gaba, mai keken kuma ya ce maka agogo ne da ya mutu ka cire ka yar. Kana so ka san ko za ta tashi, ko tana da wani amfani yanzu da kowa ke da wayar hannu, sannan ka ce abin ya fara ba ka sha'awa kana tunanin ka riƙa tara irinsu.

Toh da farko dai kar ka cire komai, musamman wayar nan, dan Allah kar ka bari wani yaron mai faci ya sa filaya ya datse ta. Ni na daɗe ina gyaran agogo da ƙananan kayan batir a nan Tudun Wadan Zariya, keke kuma tun ina firamare nake kai, kuma ina da wani tsohon gwangwanin biskit cike da irin waɗannan mitocin, wajen guda talatin, amma waɗanda zan iya ɗaurawa a keke yau su yi aiki ba su kai goma ba. Sauran ba lalacewa suka yi ba fa, da yawansu lafiyarsu lau in ka sa batir, kujerarsu ce babu, wato 'yar robar da ake ɗaurewa a kan keke mitar ta zauna a kai. Kai da ka samu taka da kujera da waya da komai a jikin keke ai tsintar dami a kala ka yi.

Ba agogo ba ce duk da tana nuna lokaci, mita ce mai auna gudu da nisan tafiya. Yadda take aiki kuwa babu wani tsafi a ciki. Duba sifok ɗin tayar gaba za ka ga wani ɗan dunƙule kamar maɓalli an ɗaure, maganaɗisu ne. A jikin ƙarfen da ya riƙe tayar kuma akwai wani ɗan baƙin abu dogo kamar guntun fensir inda wayar ta ƙare, shi ne sensa, ni kunne nake ce mishi. A cikin shi akwai wata 'yar kwalba siririya da ƙarafa biyu ƙanana da ba sa taɓa juna, duk sanda maganaɗisun ya gifta sai su haɗu su rabu, shikenan mita ta ƙirga ɗaya. Ita abin da ta sani kenan a duniya, taya ta juya sau nawa, kuma cikin lokaci nawa. Kai ne za ka gaya mata tsawon da taya ke ci a juyi guda, ita kuma ta ninka. Taya mai zagayen milimita 2096 sai ta juya sau 477 kafin a yi kilomita ɗaya, in kana gudun kilomita 20 a awa kuma 'yan ƙarafan nan suna haɗuwa fiye da sau biyu da rabi a kowane sakan. Babu sabis a ciki, babu data, babu tauraron ɗan adam, shi ya sa wadda aka ƙera shekara talatin da suka wuce take aiki yau kamar ranar da ta fito daga kwali.

Yanzu ga yadda za ka gane ko taka na raye. Zame kan mitar daga kujerar, yawanci akwai ɗan harshe da ake dannawa sai ka tura ta, kar ka fizga don robar ta tsufa ta yi ƙas. Juya bayanta ka buɗe murfin batir da kwandala. Kar ka yi cinta a kan lambar batir, karanta abin da ke jikin tsohon ko cikin murfin, domin Mity ɗin ma iri-iri ce, akwai ta farko akwai 2 akwai 3 kuma ba duka suke shan batir ɗaya ba. Wanda ya fi yawa shi ne CR2032, kuma lambar kanta awo ce, faɗin milimita 20 kauri 3.2, bolt 3 yake bayarwa. Akwai CR1620 da ya fi shi ƙanƙanta, akwai LR44 ɗan kumburarre na bolt ɗaya da rabi. Je wajen mai agogo ba mai tebur da ke shanya batir a rana ba, na sha ganin batir sabo a leda amma ya riga ya mutu tun kafin a saye shi. In ka sa, gefen da ke da alamar tarawa yana kallon sama, sai ka nemi wani ɗan ƙaramin maɓalli a baya da aka rubuta AC, ka danna shi da bakin biro. Mutane da dama nan suke yanke ƙauna, su sa sabon batir su ga shiru ko wasu karyayyun lambobi su ce ta mutu, alhali wannan ɗan maɓallin kawai take jira.

In ka buɗe ka ga farin gari ko kore-kore a ciki, batir ne ya yi amai. CR2032 ba kasafai yake haka ba, LR44 ne gwanin wannan ta'asa. In bai ci ƙarfen ya huda ba ana cetowa, auduga a tsinke da ɗigon ruwan lemun tsami ka goge, ka bi da sifirit, ka bari ya bushe sosai. In kuwa ya gangara cikin allon to sai dai addu'a.

A ce fuska ta kawo, lambobi sun fito, ka mayar kan kujera ka juya taya amma sifili ya ƙi motsi. Nan ma kar ka yi saurin zagin mitar. A bayanta akwai ƙarafa biyu ƙanana masu sheƙi, ɗauki makulli ko ɗan guntun waya ka riƙa haɗa su kana sakewa da sauri-sauri, in lambar gudu ta fara tsalle to kanta lafiya lau, matsalar tana ƙasa. Goge ƙarafan nan da na jikin kujerar da kilinan fensir, ba sanfefa ba, sanfefa yana kankare rufin da aka yi musu daga nan sai tsatsa. Sai ka sauko wajen kunne, ɗaga tayar gaba ka kai kunnenka kusa ka riƙa gifta maganaɗisun gaba da baya a hankali, a wuri shiru za ka ji wani ɗan ƙas ƙas siriri. In ka ji shi kwalbar na raye. Tazarar da ke tsakanin maganaɗisu da kunnen kar ta wuce milimita 5, kuma akwai ɗan layi ko alama a jikin kunnen, nan ne ake so ya bi, ba tsakiya kawai yadda ido ya ga dama ba. Kekunan gwanjo an danne su a kwantena an jibga wani kan wani, kusan kullum za ka tarar kunnen ya juya ya kalli gabas maganaɗisu yana yamma.

In duk wannan daidai ne kuma shiru, waya ce ta tsinke a ciki, kuma wuri biyu take tsinkewa, inda ta fito daga kujera da inda take lanƙwasa in an juya kan keke. Kai ta wajen mai gyaran rediyo ya sa mitarsa a ƙarafan kujerar kana gifta maganaɗisu, yana murza wayar kaɗan kaɗan har a gano wurin. Silli biyu ne kawai a ciki kuma babu ruwansu da wanne ne ja wanne ne baƙi, a yanke a haɗa da dalma a naɗe. Wayar tsohuwar iyafis ma tana yi in an rasa. In tsinkewar a can cikin robar kujera take nan ne aikin ke da wuya, don narkakkiyar roba ce aka zuba, amma na taɓa ƙwaƙule wata da reza na like na cike da gam, yau shekara huɗu tana kan keken da nake zuwa shago da shi.

Toh yanzu mu zo inda kusan kowa ke faɗuwa, lambar taya. Duk sanda aka cire batir aka danna AC mitar tana komawa lambar da kamfani ya sa mata, kuma wannan lamba ta keken Turawa ce. In ba ka gyara ba za ta yi ta ba ka lissafi tsaf tsaf amma na ƙarya. Wani abokina malamin makaranta da ke zuwa aiki daga Wusasa ya taɓa zuwa yana min ƙorafi wai mitar da na ba shi tana cin shi, tafiyar da ya sani sarai sai ta rage mishi. Da na duba sai na ga a kan Phoenix ɗin shi mai taya 28 ya ɗaura, ita kuma tana kan 2096, lambar siririyar tayar keken tsere 700x23C. Babbar taya irin ta Raleigh da Phoenix, 28 x 1 1/2, zagayenta yana wajen 2250. Yi lissafin da kanka, in ya yi kilomita 100 na gaskiya ita 93 za ta nuna mishi. Wanda ke da keken hawan dutse mai taya 26x1.75 kuma akasin haka zai gani, tashi 2023 ce, mita za ta riƙa yi mishi kyautar kusan kilomita 4 a kowane ɗari yana ta murna wai ya ƙara ƙarfi.

Akwai jadawali da ke zuwa a takardar mita, 700x25C a 2105, 700x28C a 2136, 26x1.95 a 2050, 27 x 1 1/4 a 2161, kuma ba laifi don farawa. Amma ni ban yarda da jadawali ba in ina da alli da tef. Tayoyin da muke saya a nan abin da aka rubuta a gefe daban abin da ke ƙasa daban, ga iska, ga nauyin mai hawa. Ga yadda nake yi. Ka ba taya iska yadda ka saba hawa, ka samu daɓen siminti mai santsi, barandar makaranta ko farfajiyar gida. Ka juya taya bawul ya zo ƙasa daidai, ka ja layi da alli a ƙasa. Ka hau keken, wannan yana da muhimmanci, a zaune a kan sirdi domin nauyinka na danne taya ya rage mata tsawo, wani ya riƙe ka yana turawa a miƙe har bawul ya zagayo ya dawo ƙasa sau uku, a ja layi na biyu. A auna tsakanin layukan da tef ɗin magina ba na tela ba, na tela yana miƙewa, a raba uku. Ranar da na yi wa tsohon Raleigh ɗina, ƙaramin ɗana ne ke turawa yana dariya wai Baba ya koma koyon keke, maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga ta ga dattijo a kan keke ana tura shi a tsakar gida da alli a hannu, ba ta ce komai ba ta koma, na san dai an yi da ni a gidan ranar. Mun samu 6741, raba uku 2247, ita ce lambar da ke ciki har yau.

Ka lura kuma, wasu mitocin lamba huɗu suke karɓa wato milimita, wasu uku wato santimita, in taka uku ce 2247 zai zama 225. Kuma ka tabbata a kilomita take ba mil ba, waɗanda suka fito daga Amurka da Ingila sau da yawa a mil aka bar su, mil ɗaya kuwa kilomita 1.609 ne. Wasu tsofaffin Sigma ma in kana son mil sai ka raba lambar tayar da 1.61 da kanka kafin ka shigar, to in ka tsinci irin wannan ka ga wata baƙuwar lamba kamar 1300 da wani abu a ciki ba lalacewa ta yi ba, mai ita na farko ne ɗan mil. Af, kuma maganaɗisu ɗaya ake sawa. Wani yaro a layinmu ya sa biyu ya zo yana rantsuwa ya yi gudun 70 a gangaren hanyar Kufena, na ce mishi ƙara na uku ka riga jirgin ƙasa zuwa Kano.

Batun tarawa kuma, gara ka san abin da kake kallo kafin ka fara zuba kuɗi. Tun kafin na batir akwai na ƙarfe zalla. Wani Ba'amurke Curtis Veeder ya fara ƙera nashi a garin Hartford a 1895, wata 'yar ganga ce ƙarama da ake ɗaurawa a bakin cibiyar tayar gaba, da ɗan tauraro a gefe, wani ƙarfe a jikin sifok yana bugun tauraron sau ɗaya a kowane juyi, lambobi suna juyawa a hankali a wata 'yar taga. Kamfanin Lucas na Birmingham a Ingila ya yi irinta da yawa, kuma ita ce na fara gani a rayuwata, a keken mahaifina Allah ya jiƙan shi, tun daga bakin zaure muke jin tik tik tik mun san ya dawo. Ba ta nuna gudu, nisa kawai, yawanci a mil, kuma ba a saita ta, kowace an yi ta ne don girman taya guda, za ka ga an buga 26 ko 27 ko 28 a jikinta. In ka ci karo da mai 28 a wajen tsofaffin masu gyaran keke na cikin Birni ko Sabon Gari, ko a jikin wani mataccen Raleigh da aka jingine a zaure, ka yi ciniki a nutse kar ka nuna zumuɗi, kuma ka nemi ɗan ƙarfen sifok ɗin tare. Huret ta Faransa ta yi wata mai suna Multito da ke aiki da 'yar zoben roba daga cibiyar taya, ita ba ta ƙara, amma robar ce ke tsinkewa. Akwai kuma masu allura kamar na babur da igiya ke juyawa, suna da kyau a ido amma suna jan taya kuma allurar rawa take yi.

Na batir sun shigo ne farkon shekarun 1980. Cateye, kamfanin Osaka ne a Japan, ya fitar da tashi ta farko a 1981, daga baya ya yi wata ƙatuwa mai suna Solar da ke da ɗan allon hasken rana a goshi, sai Micro da Vectra, sannan su Mity da Enduro da Astrale da Velo. Astrale tana da waya biyu domin har juyin feda take ƙirgawa, Enduro kuma wayarta mai kauri ce don an yi ta ne saboda hanyar daji, kuma wallahi in don hawa ne a hanyoyinmu na Zariya ita na fi so a kan duka. A Amurka kuma Avocet ta Kalifoniya ta fito da Avocet 20 a tsakiyar shekarun 1980, 'yar mitsitsiya mara nauyi, ita ce ta sa 'yan tseren gaske suka yarda su ɗaura mita a keke, Greg LeMond da ya ci gasar Tour de France a 1986 da 1989 da 1990 yana cikin waɗanda suka yi amfani da Avocet. Daga baya suka yi 30 da 40, da 50 mai auna tudu. Jamusawa kuma suna da Sigma, su BC 500 da BC 800 da BC 1200, su ne suka fi yawa a kekunan da ke zuwa mana daga Turai, sai VDO jefi-jefi.

Masu tarawa a waje Avocet suka fi bi, amma ina gargaɗinka a kanta. Ita ba maganaɗisun sifok take amfani da shi ba, wani zobe ne da ake maƙalawa a cibiyar taya, kunnenta kuma naɗin waya ne ba kwalba ba, don haka ba za ka ji ƙas ƙas ba kuma gwajin makulli da na gaya maka ba nata ba ne. In babu zoben nan babu abin da za ka sa a madadin shi, kuma masu lodin kekuna ba su san darajar shi ba, sau da yawa ma tayar gaban ba ta keken ba ce an musanya. Ina da Avocet biyu a gwangwani, sun fi shekara shida suna jiran zobe. Ga kuma batir, tsofaffin suna shan mai lamba 675, wanda a yau aka fi samun shi a matsayin batirin na'urar taimaka wa ji, shi kuma da zarar ka ɓare 'yar takardar da ke bayan shi ya fara shan iska ya fara mutuwa kenan ko ka yi amfani da shi ko ba ka yi ba. Haka Shimano Flight Deck ta ƙarshen shekarun 1990 da ErgoBrain ta Campagnolo, masu nuna giyar da kake ciki, sai da hannun birki na kamfaninsu da ya dace suke aiki, in ba ka da wannan keken ado kawai ka saya.

Shi ya sa dokata ɗaya ce in na je gwanjo, ba na sayen kai babu kujera sai in ina da kujerar a gida. Kowane kamfani da irin kujerar shi, kai a cikin kamfani ɗaya ma ana canzawa daga zamani zuwa zamani, ta Sigma murɗawa ake yi ta Cateye zamewa. Amma in na ga kujera da waya babu kai, ita ina saya ko ban da abin ɗorawa yanzu, domin kai yana zuwa, kujera ce ba ta zuwa. Masu sayar da kekunan sukan zare kawunan su zuba a wata roba su bar kujerun a jikin kekuna, ko su tsinke wayoyin don keke ya yi fes a idon mai saye. Ka saba da ɗaya daga cikinsu, ka ce in an sauke kaya ya kira ka kafin yara su fara wanki. Ka riƙa yawo da batir ɗaya mai kyau da kwandala a aljihu ka gwada a gaban shi. Ka karkata fuskar a haske, in ka ga baƙin tabo kamar tawada ta zube a gefe ka ajiye, wannan ba ya gyaruwa. In kuwa wasu sassan lambobi ne ba sa fitowa, 8 tana zama kamar 6, sau da yawa wata 'yar roba ce da ke haɗa gilashin da allo ta saki, mai agogo zai iya buɗewa ya goge ya matse.

Marasa waya na da ɗin nan kuma ni ba na ɗokinsu. Batir biyu suke ci, ɗaya a kai ɗaya a kunne, tazararsu gajera ce in keke dogo ne kamar Phoenix saƙon ba ya isowa sosai, kuma suna kama hayaniyar lantarki. Na taɓa tsayawa cak a ƙarƙashin manyan wayoyin wuta ina shan ruwa, mita tana nuna min ina gudun 99, ta kuma ajiye shi a matsayin gudu mafi girma na ranar. Wasu fitilun caji na kan keke ma suna rikita su.

Yanayinmu kuma sai ka yi da shi. Ranar Maris da Afirilu in ka jingine keke a fili fuskar mita takan yi baƙi ƙirin kamar ta ƙone, in ka kai ta inuwa ta huce tana dawowa, amma in abin ya zama kullum wata rana ba za ta dawo ba. Da hunturu ƙura ce ke shiga tsakanin ƙarafan kai da kujera sai ka ga gudu yana ɗaukewa yana dawowa, goge kawai take so. Da damina ruwa ne ke kwanciya a wurin ya haɗa ƙarafan biyu, ɗan ɗigon basilin a kansu yana maganin wannan, haka zoben robar murfin batir in ya bushe a shafa mishi kaɗan. Wayar kuma ka naɗe ta a jikin igiyar birkin gaba in keken na da ita, ka bar mata rara yadda in ka juya kan keke har ƙarshe dama da hagu ba za ta ɗame ba. Kunne ka sa shi ta gaban ƙarfen ba ta baya ba, don in wani abu ya ture shi sifok ya watsar da shi waje maimakon ya ja shi ciki. Kuma in za ka shiga masallaci ko kasuwa zare kan ka sa a aljihu, ba ma ɓarawo ba, yara ne, abin yana da maɓalli kuma yana zamewa. Waɗanda za ka ajiye a gida ba ka hawa da su ka cire musu batir, ka rubuta jimillar kilomitar da ke ciki a takarda kafin ka cire don yawancin tsofaffin suna mantawa, wasu kamar Mity 3 ana iya sake shigar musu da ita da hannu. Ni kowace a 'yar ledarta take da kujerarta da maganaɗisunta da takarda.

Wannan jimillar ma wani abu ce da nake dubawa kafin komai in na samu wadda batirinta bai gama mutuwa ba. Akwai wata Sigma da na saya tana numfashi da ƙyar, lambobin sun dusashe sai ka karkata, ta nuna sama da kilomita dubu goma sha ɗaya. Wani bawan Allah ne can a wata ƙasa ya taka su da ƙafar shi, ban san shi ba ba zan taɓa sanin shi ba. Na rubuta lambar a takarda kafin na canza batir, tana nan a ledar.

Maganar wayar hannu kuma, ba zan yi maka ƙarya ba, akwai abin da take yi da mita ba za ta taɓa yi ba. Tun da kamfanin Garmin ya fito da Edge, mita mai bin tauraron ɗan adam, a tsakiyar shekarun 2000, manhajar Strava ta ajiye tarihin tafiya kuma ta zo a 2009, kasuwar waɗannan ƙananan ta fara ja da baya, saboda mutane suna son taswira da ajiye tarihin tafiya da nuna wa abokai. In wannan kake so riƙe wayarka. Amma ka tuna yadda muke da wuta a garin nan, ka fita da asuba ka nufi Shika ko Giwa da waya a kunne tana bin tauraro fuska a buɗe, kafin ka dawo ta yi zafi caji ya tafi, ga girgizar hanya da ke kashe kyamara, ga masu fizge a kan babur in ka shigo Kwangila ko PZ da ita a ɗaure a gaba. Mita kuwa batir ɗaya yana kai ta shekara har fiye, kuma a gudun da kake yi a daidai wannan lokacin ta fi waya saurin faɗin gaskiya in ka auna taya da kyau, musamman a ƙananan gudu da cikin lungunan Birni inda ta waya ke tsalle-tsalle. Ni yadda nake yi waya tana aljihu a kulle, mita tana gaba. Kuma jimillar nan tana min wani aiki da ban zata ba, da ita nake sanin taya nawa ta yi kafin ta cinye da sanda na sa sarƙa, har na gane wace taya ce a kasuwa ke cin kuɗina a banza.

Kai dai yanzu je ka sayo batir, ka danna AC, ka yi gwajin makulli. In ta tashi ka duba gefen tayarka ka karanto min abin da aka rubuta, da lamba nawa mitar ke karɓa uku ko huɗu, sai in gaya maka yadda ake shigar da ita a irin taka don maɓallan Mity 2 da 3 ba ɗaya ba ne. In kuma ta ƙi, kawo min keken gaba ɗaya ranar Asabar bayan la'asar, kar ka kwance komai, ina da kan Mity guda biyu a gwangwani da ba su da kujera, ƙila ɗaya ta hau taka.